Daga Ayarin Otrar Zuwa Kurkukun Guantanamo: Yaya Ake Yi Da Wanda Ake Zargi?

A shekarar 1218 wani ayarin fatake ya yada zango a Otrar, birnin kan iyaka da ke kusa da kogin Sir Darya, a kudancin ƙasar Kazakistan ta yau. Masu tarihi sun ce mutanen sun kai 450, da raƙuma wajen 500 ɗauke da zinariya da azurfa da alharinin Sin da fatu masu tsada. Daga gabas suka fito, daga ƙasar Jangis Khan, kuma da jarinsa da na 'ya'yansa da manyan fadarsa suke fataucin. Amma su kansu ba Mangolawa ba ne. Musulmi ne, irin fataken nan da suka gaji hanya tun kaka da kakanni, ba ruwansu da wanda ke kan karaga muddin hanya na da lafiya.

Gwamnan birnin, Inalcuk, wanda ake wa laƙabi da Gayir Khan, ya sa aka tsare su gaba ɗaya. Ya aika wa ubangidansa, Sarki Ala'uddin Muhammad na daular Hawarizm, cewa waɗannan mutane ba ciniki ya kawo su ba. Ya ce suna tambaye-tambaye kan abin da bai shafi fatauci ba, kuma in suka keɓe da talaka sai su riƙa tsorata shi da abin da ke tafe. A taƙaice dai, 'yan leƙen asiri ne. Ba a kai su gaban alƙali ba, ba a ware mai laifi daga ɗan rakiya ba. Aka bi su aka kashe, aka kwashe dukiyar. Mutum ɗaya ya tsira, shi ya kai labari.

Wa ya ba da umarnin? Nan marubutan zamanin suka rabu. Nasawi, wanda ya yi wa ɗan sarkin, Jalaluddin, aikin magatakarda, ya sassauta wa gidan da ya ci arzikinsa: a wurinsa izinin tsare su kawai sarki ya bayar, gwamna ne ya zarce saboda kwaɗayin kayan. Ibnul Asir, mai littafin Al-Kamil, da ke zaune a Mosul, bai yi wannan kara ba. Ya ce sarki ne ya ce a kashe su a turo masa kayan, ya rarraba wa attajiran Buhara da Samarkand, ya karɓi kuɗin. Juwaini kuma, wanda ya rubuta nasa tarihin bayan kusan shekara arba'in yana ma'aikacin Mangolawa, ya ƙara wani ɗan abu da ya fi kama da halin ɗan Adam. Wai cikin fataken akwai wani Ba'indiye da ya san gwamnan tun bai zama kowa ba, sai ya kira sunansa gatsal, bai haɗa da sarauta ba. Gwamna ya ƙullace shi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙaramin mai iko ke yi in aka ci masa fuska a gaban jama'a ba zai yi saurin ƙaryata wannan labari ba.

Inda ya kamata a tsaya a duba shi ne, zargin ba shirme ba ne. Mangolawa sun shahara da amfani da fatake wajen tattara labarin ƙasar da suke hari: ina rijiyoyi suke, ina makiyaya take, wace ganuwa ce ta tsage, wane hakimi ne ba ya ga-maciji da sarki. Kuma ba su kaɗai ke yi ba. Shi kansa Sarki Muhammad, watanni kaɗan kafin wannan, da jakadun Jangis Khan suka zo masa da saƙon neman cinikayya, ya kira ɗaya daga cikinsu, Mahmud, mutumin Hawarizm, cikin dare. Ya tambaye shi ko da gaske ne wannan mutum ya ci ƙasar Sin, ya ba shi dutse mai daraja, ya nemi ya zama ɗan rahotonsa a fadar Mangolawa. Wanda ke dasa 'yan leƙen asiri a gidan maƙwabci dole ya riƙa hango su cikin nasa baƙin. Yana yiwuwa ƙwarai akwai masu kunne biyu a cikin ayarin. Su wa ne? Me suka gani? Wa suka tuntuɓa a cikin gari? An binne amsar tare da su. Sarkin da ya fi kowa buƙatar sanin shirin abokin gabarsa ya bari aka yanka mutanen da za su iya gaya masa.

Jangis Khan bai ɗaura yaƙi nan take ba. Ya tura jakadu uku, Musulmi ɗaya da Mangolawa biyu, da buƙata guda: a miƙa masa Inalcuk, magana ta ƙare. Dama ce aka ba sarki ya ce aikin gwamna ne, ba da yawunsa ba. Bai iya karɓar ta ba, kuma dalilin na cikin gida ne. Inalcuk dangin mahaifiyar sarki ne, Tarkan Hatun, matar da ke da fadarta da hatiminta a Gurganj, kuma manyan kwamandojin daular yawancinsu 'yan ƙabilarta ne, Turkawan Kangli. In ka taɓa gwamnan Otrar ka taɓa runduna. Sai sarki ya zaɓi abin da ya fi masa sauƙi a ranar: aka kashe jakadan Musulmi, aka aske gemun sauran biyun, aka kora su gida.

Garuruwan da muka sani a littafi

A kakar shekarar 1219 rundunar Mangolawa ta bayyana a bayan ganuwar Otrar. Sarki Muhammad yana da soja da yawa, amma bai yarda da kwamandojinsa ba balle ya tara su wuri guda, sai ya rarraba su cikin birane, kowa ya ji da kansa. Jangis Khan ya bar 'ya'yansa biyu, Cagatai da Ogedai, a kan Otrar, shi kuma ya ratsa hamadar Kizilkum ya ɓullo wa Buhara ta baya. Otrar ta yi wata biyar tana turjiya, har wani kwamanda mai suna Karaca ya fita da mutanensa cikin dare ya miƙa wuya. Mangolawa suka kashe shi, suka ce wanda ya ci amanar ubangidansa ba abin yarda ba ne. Inalcuk ya san ba shi da mafita. Ya shige ƙaramar ganuwar tsakiyar gari ya ƙara wata guda, har ta kai shi ga jifa da tubali daga kan soro bayan makamai sun ƙare. Da rai suka kama shi. Nasawi ya ce narkakkiyar azurfa aka zuba masa a ido da kunne.

Buhara ta faɗi a Fabrairun 1220, Samarkand a Maris. Sarki ya yi ta gudu yamma, kwamandojin Mangolawa Jebe da Subutai na bin sawunsa, har ya mutu a wani tsibiri cikin tekun Kasfiyan a ƙarshen shekarar. An ce ko likkafani ba a samu ba, da rigar wani baransa aka rufe shi. Mahaifiyarsa kuwa aka tasa ƙeyarta zuwa Mangoliya, can ta ƙarasa rayuwarta cikin bauta.

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san sunayen garuruwan da abin ya rutsa da su, ko da bai san a ina suke ba. Buhara ta Imam Buhari. Tirmiz ta Imam Tirmizi. Nasa ta Imam Nasa'i. Naisabur ta Imam Muslim, wadda aka yi wa kisan ƙare dangi a Afrilun 1221 saboda an kashe surukin Jangis Khan a bakin ganuwarta. Huɗu ke nan daga cikin ma'abota littattafan hadisi shida, garuruwansu duk suka tafi cikin shekara biyu. Sai Marw, inda Ibnul Asir ya ce an kashe mutum 700,000, Juwaini kuma ya ce sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Masana na yau suna ganin waɗannan alƙaluma sun wuce yawan mutanen da birnin ke iya ɗauka, amma ba wanda ke musun cewa an yi ɓarnar da yankin ya daɗe bai farfaɗo daga ita ba. Ibnul Asir ya faɗa da kansa cewa ya yi shekaru yana kasa ɗaukar alƙalami ya rubuta abin da ya faru.

Kada wani ya ɗauka Jangis Khan mai neman haƙƙi ne da aka tura bango. Dauloli biyu ne masu faɗaɗa suka yi iyaka da juna, mai yiwuwa ko ba Otrar yaƙin na nan tafe. Kuma in aka duba da kyau, hankalin Inalcuk da na Jangis Khan iri ɗaya ne: wancan ya kashe ayari guda saboda yana zargin wasu a ciki, wannan ya shafe birane saboda laifin gwamna ɗaya da sarkinsa. Girman takobi ne kawai ya bambanta su.

Bayan shekara 780, a ƙasa guda

Ranar 20 ga Satumba 2001, kwana tara bayan harin da ya kashe mutum kusan 3,000 a Amurka, Shugaba George W. Bush ya tsaya gaban majalisar dokoki ya ce wa gwamnatin Taliban ta miƙa shugabannin Alƙa'ida ko ta ɗanɗana kuɗarta. Taliban suka ce a kawo hujja. Ranar 7 ga Oktoba jirage suka fara ruwan bama-bamai. Kamar ta yi kama da saƙon jakadun nan uku, amma kada a ja kwatancin ya wuce gona da iri: Usama bin Ladin ya aikata abin da ake tuhumarsa, ya kuma amsa da bakinsa a faifan bidiyo a 2004. Kamar da ta fi muhimmanci ta zo ne bayan makonni kaɗan, lokacin da Amurka ta wayi gari a matsayin gwamnan Otrar, hannunta cike da baƙin da take zargi, ba ta san wane ne wane ba.

A ƙarshen Nuwamba dubban mayaƙan Taliban da baƙin da ke tare da su suka miƙa wuya a Kunduz ga sojojin ƙawancen arewa masu yaƙi da Taliban. An kai wasu ɗaruruwa tsohuwar ganuwar Ƙala-i-Jangi da ke kusa da Mazar-i-Sharif, a lardin Balh, mai sunan tsohon birnin da Mangolawa suka mayar kufai. Fursunonin suka yi bore, suka kashe jami'in CIA Johnny Spann, wanda shi ne Ba'amurke na farko da ya mutu a fagen yaƙin. Aka yi kusan mako ana musu luguden wuta, daga ƙarshe aka tura ruwan sanyi cikin ɗakin ƙasa da suka ɓuya. Mutum 86 suka fito da rai. Sauran na Kunduz kuma, dakarun Janar Abdul Rashid Dostum na ƙawancen arewa suka loda su cikin kwantenoni na ƙarfe, aka rufe, aka nufi kurkukun Shibargan. Da yawa numfashi ya ƙare musu a hanya. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya fara daga ɗaruruwa har zuwa 2,000, an kuma gano kabarin bai-ɗaya a hamadar Dasht-i-Laili a farkon 2002. Dostum ya musanta kisan ganganci. Ba a taɓa gurfanar da kowa ba, shi kuma ya zama mataimakin shugaban Afganistan a 2014. Dalilin bai da nisa da na Sarki Muhammad: mutumin da kake buƙatar dakarunsa ba ka iya tuhumarsa.

A lardin Parwan, inda Jalaluddin ya taɓa fatattakar Mangolawa a 1221, nan sansanin Bagram yake. A Disambar 2002 aka kawo wani matashi mai suna Dilawar, ɗan shekara 22, direban tasi daga lardin Khost. Laifinsa shi ne ya bi ta kusa da wani sansanin Amurka da fasinja uku a ranar da aka harba wa sansanin rokoki. Aka ɗaure hannuwansa a rufin ɗakin da aka tsare shi, ana barinsa a tsaye, masu gadi na dukan cinyoyinsa da gwiwa duk lokacin da suka ga dama. Cikin kwana biyar ya mutu. Likitar sojan da ta duba gawar ta rubuta cewa kisa ne, ta ce naman ƙafafunsa ya dagargaje. Daga baya aka gano cewa yawancin masu yi masa tambayoyi sun riga sun yarda ba shi da hannu a komai, kuma kwamandan 'yan sa-kai da ya miƙa shi, shi ne aka dawo ana zargi da harba rokokin. Fasinjojinsa uku sai da suka yi sama da shekara a Guantanamo kafin a sallame su. Hukuncin da ya fi tsanani kan sojojin da aka samu da laifi bai wuce ɗaurin 'yan watanni ba.

Yadda aka tara mutanen ma abin dubawa ne. Jirage sun riƙa watsa takardu a Afganistan da kan iyakar Pakistan ana alkawarin kuɗi mai tsoka ga duk wanda ya kawo ɗan Alƙa'ida ko Taliban. A ƙasar da talauci da gabar ƙabilu suka yi katutu, kowa ya san abin da zai biyo baya. Wani bincike da makarantar koyon lauya ta Seton Hall ta yi a 2006, daga takardun ma'aikatar tsaron Amurka kanta, ya nuna kashi 5 cikin ɗari kacal na fursunonin Guantanamo ne sojojin Amurka suka kama da hannunsu, kashi 86 Pakistan ce ko ƙawancen arewa suka miƙa su. Janar Pervez Musharraf, shugaban Pakistan na lokacin, ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa cewa ƙasarsa ta miƙa mutum 369, an kuma samu ladan miliyoyin daloli. A Otrar ma dai akwai kayan raƙuma 500 a bayan zargin.

Gardamar Washington

Fursunoni 20 na farko sun sauka a Guantanamo, sansanin sojan ruwan Amurka da ke tsibirin Kyuba, ranar 11 ga Janairu 2002, sanye da kaya ruwan lemo, aka zuba su cikin keji na waya. Daga baya adadin waɗanda suka ratsa wurin ya kai kimanin 780. Ba don kyan iska aka zaɓi wurin ba. Lauyoyin gwamnati sun yi lissafin cewa tunda ba ƙasar Amurka ba ce, hannun alƙalan Amurka ba zai kai ba.

Hujjar gwamnatin Bush ita ce wannan sabon yaƙi ne. Waɗannan mutane ba sojan wata ƙasa ba ne balle yarjejeniyar Geneva ta ba su matsayin fursunan yaƙi, ba kuma ɓarayin gari ba ne balle a kai su kotu. Abin da ake nema a wurinsu shi ne labarin harin gobe, kuma wanda aka ba lauya ya daina magana. Sakataren harkokin waje Colin Powell, tsohon soja, ya ja da wannan tun daga cikin gida, ya ce ranar da aka kama sojan Amurka a wata ƙasa da wace doka za a kare shi? Ba a saurare shi ba. Ranar 7 ga Fabrairu 2002 Bush ya sa hannu kan matsayar, a watan Agusta kuma ma'aikatar shari'a ta fitar da wata takarda da ta ƙuntata ma'anar azabtarwa har ta buɗe wa CIA hanyar kwarara wa mutum ruwa a fuska bayan an rufe ta da ƙyalle, har ya ji yana nutsewa.

Kotun Ƙoli ce ta riƙa taka musu birki, sau uku cikin shekara huɗu. A 2004 ta ce kotunan Amurka na da hurumin sauraron ƙarar tsararrun Guantanamo, kuma Yaser Hamdi, ɗaya daga cikin mutum 86 na Ƙala-i-Jangi, wanda aka gano haifaffen Amurka ne, yana da 'yancin ƙalubalantar tsare shi. Maimakon a kawo hujja, sai gwamnati ta sallame shi zuwa Saudiyya. A 2006, a shari'ar Salim Hamdan, direban bin Ladin, ta rushe kotunan sojan da Bush ya kafa ba da izinin majalisa ba. Majalisa ta yi maza ta kafa su da doka, ta kuma toshe wa tsararrun hanyar zuwa gaban alƙali. A 2008, a shari'ar Boumediene, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu suka ce wannan toshewar ta saɓa wa tsarin mulki. A majalisa kuwa, wanda ya fi tsayawa kan haramta azabtarwa ɗan jam'iyyar Bush ne, Sanata John McCain, wanda ya sha irinta shekara biyar da rabi a hannun Biyetnam. Ƙudurinsa ya wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 90 da 9 a 2005.

Da aka fara buɗe fayiloli a gaban alƙalai sai abin kunya ya riƙa fitowa. Sami al-Hajj, ɗan Sudan mai ɗaukar hoto a tashar Al Jazeera, ya yi sama da shekara shida a tsare, aka sake shi a 2008 ba tare da tuhuma ba. Muhammad al-Gharani, ɗan asalin Chadi da aka kama a Pakistan yana yaro, alƙali ya ce hujjar da ake riƙe da shi ba ta tsayu ba, aka mayar da shi Chadi a 2009. Labarin Uigurawa 22, Musulmin yammacin Sin, shi ne ya fi ɗaure kai. Gwamnati da kanta ta yarda ba maƙiyan Amurka ba ne. Ba a iya mayar da su Sin don tsoron abin da za a yi musu, 'yan siyasa kuma suka ce ba za su taka ƙasar Amurka ba, ko da alƙali Ricardo Urbina ya ba da umarnin a shigo da 17 daga cikinsu a 2008. Sai aka shiga neman mai so: biyar Albaniya, huɗu Bamuda, shida tsibirin Palau da ke yammacin tekun Pasifik, biyu Suwizalan, biyu El Salvador. Ukun ƙarshe sai ranar ƙarshe ta 2013 suka tafi Sulobakiya, bayan kusan shekara goma sha biyu. Bahaushe ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to ina ga wanda mai zaton da kansa ya janye, amma ya ci gaba da riƙe mutum?

Masu goyon bayan tsarewar ba su rasa abin kamawa ba, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba su da shi. Sa'id al-Shihri, wanda aka saki a 2007, ya ɓulla a Yaman a matsayin mataimakin shugaban reshen Alƙa'ida. Abdul Ƙayyum Zakir, shi ma an sake shi a shekarar, ya zama babban kwamandan yaƙi na Taliban. Ofishin daraktan leƙen asirin Amurka ya ƙiyasta kusan kashi 17 cikin ɗari na waɗanda aka saki an tabbatar sun koma ɗaukar makami. Waɗannan rayuka ne aka rasa. Sai dai akasarin irin waɗannan an sake su ne a zamanin Bush, bisa yarjejeniyar siyasa da ƙasashensu, ba alƙali ne ya duba hujja ya wanke su ba. Tsarin da bai tantance ba lokacin kamu, shi ne bai tantance ba lokacin saki.

Ɗan Najeriya a tsakiyar gardama

Barack Obama ya sa hannu ranar 22 ga Janairu 2009 cewa za a rufe Guantanamo cikin shekara guda. A watan Mayu majalisar dattawa, har da 'yan jam'iyyarsa, ta hana kuɗin da ƙuri'a 90 da 6. A Nuwamba ministan shari'a Eric Holder ya ce za a gurfanar da Khalid Sheikh Muhammad, wanda ake tuhuma da kitsa harin 11 ga Satumba, a kotun farar hula a New York. Ana cikin wannan cacar baki sai ga ranar Kirsimeti ta 2009, ɗan Najeriya Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ke sauka Detroit, bayan reshen Alƙa'ida na Yaman ya shirya shi.

Jami'an FBI sun yi masa tambayoyi na kimanin minti 50, daga baya aka karanta masa haƙƙinsa na yin shiru da neman lauya. 'Yan adawa suka yi ca a kan gwamnati, suka ce an zubar da damar tatsar bayanai, kamata ya yi a miƙa shi ga soja. Abin da ya biyo baya ya kamata ya kashe gardamar, amma bai kashe ba. Jami'an suka zo Najeriya suka tafi da wasu danginsa, da ya gan su sai ya buɗe baki, ya ba da bayanai kan waɗanda suka tura shi. Kada a manta, mahaifinsa ne ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun watan Nuwamba ya yi gargaɗi a kansa. Uba ba ya kai ƙarar ɗansa wurin da yake tsammanin za a rataye shi a rufi. A Oktoban 2011 ya amsa laifinsa a gaban kotu, a Fabrairun 2012 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Shekara biyu da 'yan watanni, an gama. Haka Ahmed Ghailani, ɗan Tanzaniya da aka ɗauko daga Guantanamo aka yi wa shari'a a New York kan harin ofisoshin jakadancin Amurka na 1998: an wanke shi daga tuhuma 284, an same shi da guda, kuma gudar ta isa ɗaurin rai da rai. 'Yan siyasa suka riƙe 284 ɗin suna kururuwa, majalisa ta haramta shigo da kowane fursunan Guantanamo ƙasar, Holder ya janye a Afrilun 2011.

Batun cewa azaba na fitar da gaskiya ma ya samu amsarsa, mai tsada. Ibn al-Shaikh al-Libi, wanda aka kama a ƙarshen 2001 aka miƙa wa Masar, ya gaya wa masu gana masa azaba cewa Iraƙi ta horar da 'yan Alƙa'ida kan makamai masu guba. Wannan magana ta shiga jawabin da Colin Powell ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairu 2003 don halatta yaƙin Iraƙi. A farkon 2004 mutumin ya janye, ya ce ya faɗa ne don a ƙyale shi. Lokacin Bagadaza ta riga ta faɗi. Rahoton kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Dianne Feinstein, wanda aka fitar da taƙaitaccensa a Disambar 2014, ya ce cikin mutum 119 da CIA ta tsare a ɓoyayyun gidajen yarinta, aƙalla 26 bisa kuskure aka riƙe su, kuma azabar ba ta samar da bayanin da ba za a iya samu ta wata hanya ba. CIA da tsofaffin shugabanninta sun musanta wannan ɓangare na ƙarshe, har yau kuma ba su sauka ba.

Wanda duk ya bi wannan tarihi da idon basira zai ga cewa kotun farar hula, wadda aka riƙa yi wa kallon mai laushi, ita ce ta ɗaure ɗaruruwan masu laifin ta'addanci tun 2001, kotunan sojan Guantanamo kuwa ƙalilan suka iya yanke wa hukunci, wasu ma kotun ɗaukaka ƙara ta soke. Jaridar New York Times ta ƙiyasta a 2019 cewa kowane fursuna ɗaya na cin dala miliyan 13 a shekara. Zuwa Janairun 2025 mutum 15 suka rage a wurin.

Khalid Sheikh Muhammad yana cikinsu. An kama shi a Rawalpindi a Maris 2003, an yi masa azabar ruwa sau 183, kuma wannan azabar ce ta zame wa masu gabatar da ƙara ƙarfen ƙafa, domin kowace hujja sai an yi shekaru ana jayayya ko ta gurɓata. Ɗaya daga cikin abokan tuhumarsa, Ramzi bin al-Shibh, alƙalin soja ya cire shi daga shari'ar a 2023 saboda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. A ƙarshen Yulin 2024 masu gabatar da ƙara suka daidaita da Khalid da wasu biyu cewa su amsa laifi a ɗauke musu hukuncin kisa. Bayan kwana biyu sakataren tsaro Lloyd Austin ya soke yarjejeniyar, a Yulin 2025 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa. Iyalan mutum kusan 3,000 sun shafe sama da shekara ashirin suna jiran ranar da za a fara shari'ar, da yawa daga cikin iyayen mamatan sun riga sun rasu ba su gan ta ba.